Mai abincin bikinmu na Agege: inda ya burge ni, inda ya ɓata min rai, da abin da mu muka yi masa

Tun da aka watse daga bikin ɗiyar Yayana mata ke tare ni, a gidan suna, a islamiyya, wata har a bakin mayanka ta Oko-Oba ta riƙe min mayafi, tambayar dai ɗaya ce, wai Hajiya wa ya yi muku wainar nan, wa ya ɗaura wa amarya gwaggwaro. To ga amsa kowa ta huta. Ɗan daudu ne, a nan Agege yake zaune, ba zan faɗi sunansa ko layinsu ba don shi da bakinsa ya roƙe ni kar in saka, dalilin kuma yana ƙasa. Duk wadda ta daɗe a Agege dama ta san wa nake nufi, har da masu yin kamar basu sani ba, irin ana so ana kaiwa kasuwa.

A gurguje, abinci na ba shi tara cikin goma, lalle da ɗauri ba a magana, kwalliyar fuska ce muka kusa ɓatawa a kai, cika alkawarin lokaci kuwa sai dai haƙuri.

Abin da ya kai ni wajensa ba wani abu bane illa baƙinmu. Dangin ango daga Katsina suke, namu kuma daga Kano da Zariya, mutanen da suka kwana a mota ko suka sha jirgin sama ba zaka tare su da jallof da firayid rais da moyimoyi kaɗai ba kamar yanda masu abincin manyan hol na Ikeja suka iya, sai an koma gida ana cewa ai Hausawan Legas sun zama Yarbawa ko tuwo basu iya ba. Matan da ke yin waina a gida kuma akwai masu hannu sosai amma in taro ya yi yawa sai ƙullun ya kufce musu, na farko ya yi kyau na ƙarshe ya zama danƙo. Shi kuwa aikinsa kenan tun yana yaro a arewa. Ba shi da shago mai allo a sama, wani fili ne a bayan gida da kanofi, tandoji a jere, manyan tukwane, kuloli har rufi, da yaransa wajen su shida ko bakwai, maza da mata. Ni Alhaji nake ce masa don ya sauke farali, yaran kuwa in suna tsakaninsu Mama suke ce masa, da baƙo ya yi sallama sai su koma Alhaji ba wanda ya ƙifta wa wani ido.

Abu na farko da zaki sani kafin ki je, kuɗinsa gaba ɗaya yake karɓa kafin ya ɗora tukunya. Ba zancen kafin alƙalami a cika bayan biki. Nace haba Alhaji ina aka taɓa haka, ko telan da ya ɗinka mana anko rabi muka ba shi, sai ya ajiye wayarsa ya ce min Hajiya in mace mai abinci aka cinye wa kuɗi zata ja mutum har gaban hukuma kuma a saurare ta, ni in na kai ƙarar wanda ya ci kuɗina kafin a tambaye shi ina kuɗin ni za a fara tambaya me ya sa nake magana haka, me ya sa hannuna ke yin haka, ƙarshe shi ya tafi gida ni in nemi mai belina. Ya ce an yi masa ba sau ɗaya ba, kuma masu yi ɗin ba ƙananan mutane bane, masu babbar riga ne, sun san ba inda zai je. Ban ƙara jan maganar ba na yi masa transfa. Tsada kam yana da ita, ya fi matan unguwa nesa ba kusa ba, amma bai kai masu hol ba, kuma lissafinsa a rubuce yake, buhun shinkafa nawa, kaji nawa, mai jarka nawa, kayan miya daga kasuwar Mile 12 nawa har kuɗin mai ɗauko kaya, in kina so ma ki sayo kayan da kanki ki biya shi ladan aiki kawai. Ni naman da kaina na sayo don ina da mahaucin da na yarda da shi.

Wainar. Wallahi ban san yanda zan kwatanta muku ba. Kun san matsalar waina a Legas, garin nan da zafi da danshi ƙullu baya jira, in kika kwaɓa da daddare kamar yanda ake yi a Kano lokacin sanyi kafin asuba ya wuce tashi ya koma tsami, shi ya sa wainar mutane da yawa a nan take kama da an zuba mata tsamiya. Shi ba ya kwaɓa duka lokaci ɗaya, kashi kashi yake yi, ana soya wannan wancan yana tashi, farar shinkafar tuwo yake jiƙawa ya haɗa da dafaffiya kaɗan a markaɗa, yis ɗin ma da awo, albasa a yanka sirara ba a markaɗa ta ciki ba. Ta fito fara tas, bakinta ya yi ja ƙamas ƙamas, cikinta kamar auduga, kuma bata sha mai ba, ka ɗauka da hannu ba sai ka nemi tsumma ba. Miyar taushen da ta raka ta kabewa ce ta gaske ba tumatirin gwangwani aka cika ba, da gyaɗa da alayyafo da ɗan yakuwa da ƙashin da ya dahu har ɓargo ya fita ya shiga miya. Wata tsohuwa cikin dangin ango da tun da suka sauka take yatsina, ruwan Legas kaza, hayaniyar Legas kaza, ita ce ta aiko jikarta a ƙaro mata har sau biyu.

Dambun shinkafar ma haka, warara, zogale ya ji, gyaɗa ta ji, ba ya caɓewa. Funkaso ya yi kyau amma bai kai wainar ba. Farfesun kayan ciki an wanke shi wankin gaske babu ƙarni ko kaɗan, wanda duk mai dafa abincin taro ta san nan ne ake gane ƙazama. Kajin kuwa ai dama sana'arsu ce tun tale tale, duk wanda ya taso a arewa ya san a tasha da bakin kasuwa su ke riƙe da soyayyar kaza, to nashi ya fi na tasha, ya tafasa da kayan ƙamshi kafin ya soya sannan ya juya cikin yaji. Alkaki da dubulan da cincin na gara ma shi ya yi, alkakin har yau akwai saura a gidan amarya bai yi komai ba.

Inda ya gaza a ɓangaren ci, zoɓon suga ya yi masa yawa, masu ciwon suga cikin manya ba wanda ya iya sha, kunun ayan kuma kafin la'asar ya fara juyawa don ƙanƙarar da ya kawo bata isa ba, shi ya san NEPA ya san zafin garin nan ya kamata ya lissafa. Sannan robobin tekawe. Tun watan Janairun 2024 gwamnatin Legas ta hana wannan farin na kumfa da muka saba, to mai murfi ake amfani da shi yanzu kuma ya fi tsada, wannan ba laifinsa bane, laifinsa bai faɗa min a lissafin farko ba sai ana gobe biki ya kira wai Hajiya akwai ƙarin kuɗin roba. Mutumin da ya ƙi yarda da kafin alƙalami bai kamata ya zo da ƙari daga baya ba, na faɗa masa hakan kuma ya amsa.

Lokaci kuwa ranar kamu ya shanya mu. Mun yi da shi abinci zai iso kafin azahar bai iso ba sai da aka yi la'asar, mata na ta hamma yara na kuka ni kuma duk wadda ta wuce sai ta kalle ni. Uzurinsa gosulo. Daga Agege zuwa Agege fa. Tun da aka buɗe gadar sama ta Pen Cinema a nan Agege a 2021 wannan uzurin ƙarfinsa ya ragu, gaskiyar magana ya karɓi wani aikin ne a Idi-Araba rana ɗaya da namu ya raba yaransa biyu, ɗaya daga cikin 'yan matan ce ta faɗa min. Ranar ɗaurin aure da walima dai ya zo da wuri.

Yanzu rigimar gida. Da Yaya ya ji wanda na ɗauko sai da ya kira ni har ɗakinsa, ya ce ke yanzu duk matan Legas kin rasa wanda zai yi wa 'yata abinci sai wannan, kin manta Annabi sallallahu alaihi wasallam ya la'anci maza masu kamanta kansu da mata da mata masu kamanta kansu da maza. Nace Yaya ban manta ba, hadisi ne ingantacce ba mai ja da shi, kuma ni ban ce abin da yake yi daidai bane, amma malamai irin su Imamu Nawawi sun raba tsakanin wanda haka aka halicce shi da laushin murya da motsi bai ƙirƙira ba da wanda ya ɗora wa kansa da gangan, ni kuma ban shiga zuciyar bawan Allahn nan na ga wanne ne ba, abinci na je saye. Nace kuma Yaya kazar da kake aikawa a sayo maka duk ranar Juma'a da yamma ka san daga tukunyar wa take fitowa? Ya yi shiru can ya ce wannan daban. Har yau ban gane bambancin ba amma yayana ne, na bar shi.

Sharaɗin da ya kafa shine namiji ba zai taɓa fuska ko jikin 'yarsa ba, kuma a nan ni ma ina bayansa ɗari bisa ɗari. Abin mamaki da na kai wa Alhajin wannan magana ina ta kwana kwana don kar ya ji haushi sai ya ce Hajiya ai ko ba a faɗa ba ni bana yi, ni namiji ne ina da mata da 'ya'ya a gida arewa, dilka da halawa da turaren jiki duk matan da ke wajena ne ke yi, ni ko ɗakin bana shiga. Haka aka yi kuwa. Gyaran jiki wata 'yar Maiduguri cikin ma'aikatansa ta yi kuma ta iya, fatar yarinya ta yi sumul tana ƙamshi ba tare da an sa mata wani man bilicin ba, don na gargaɗe su tun farko, NAFDAC ta sha yin gargaɗi kan mayukan nan masu sinadarin da ke cinye fata har ya taɓa ƙoda, ba za a lalata min yarinya saboda biki ba. Lalle ja da baƙi wata ce ta zana amma shi ya zaɓi zanen, kuma ya sa an fara gwada baƙin a ɗan wuri a hannunta aka jira kwana ɗaya, saboda dayis ɗin nan na rina gashi da ake haɗawa akwai fatar da yake ƙonawa ta kumbura ta yi ruwa. Masu lalle nawa ne ke wannan gwajin? Ni ban taɓa gani ba sai a wajensa.

Gwaggwaron a kan wani gunkin roba ya naɗa shi a falo ya kafe shi da allurai sannan aka kai ciki aka ɗora mata, ya zauna daram har aka tashi bai goce ba, Yarbawan da suka zo cikin abokan aikinta ma da suke ganin su suka gaji ɗauri sai da suka tambaya.

Kwalliyar fuska ce matsalar. Yarinyar da ke yi tana ciki, shi yana tsaye bakin ƙofa ta bayan labule ana nuna masa hoto a waya yana ba da umarni, ƙara nan, rage nan, ja hancin. Ɗiyarmu baƙa ce, baƙi mai kyau irin na gidanmu, hancinta kuma ba dogo bane. Da aka buɗe labule ban gane ta ba wallahi. Fuska ta yi fari fat wuya baƙi, an zana mata wani siririn hanci da ba nata ba, gashin ido har yana taɓa gira, ita kanta tana kallon madubi kamar zata yi kuka ta ce Gwaggo wannan ba ni bace. Nace a wanke. Ya ce Hajiya haka ake yayi, amarya sai da haske, hoto ba ya ɗaukar baƙar fuska. Nace mai hoto ya gyara fitilarsa, angon ma a haka ya gan ta ya ce yana so. Muka ɗan yi sama sama, ƙarshe aka wanke aka sake da hodar da ta dace da kalarta, kwalli, jambaki mara ihu, ta fito ita ce. In zaki ba shi kwalliya ki tsaya a kai da kanki, kuma ki faɗa tun farko bakya son a canja wa 'yarki launi, in ba haka ba abin da ya saba zai yi.

Kuma ba fuska kaɗai ba. Yana daga bakin ƙofar nan yana koya mata zama amarya, wai in zaki shiga hol ki taka ɗaya ɗaya kamar bakya so, ido a ƙasa, kar ki yi dariya haƙora su fito, kar ki ci komai a gaban mutane, in an yi miki magana ki amsa can ƙasan maƙoshi, mace ba ta ɗaga murya, mace ba ta sauri. Har da gwadawa ya yi a tsakar gida da tafiyar da karya wuyan, matan gidan suka kwashe da guɗa da shewa suna cewa yauwa Alhaji koya mata, ai ta cika tafiyar sojoji. Yarinyar nan nas ce, aikin dare take yi a asibiti, a guje take yini tsakanin gadaje, in ta yi tafiyar da yake koya mata a wajen aiki ai sai mara lafiya ya mutu kafin ta iso. Na tsaya ina kallon ikon Allah, matan da in sun fita waje zasu ce tir da mai kwaikwayon mata su ne ke roƙonsa ya koya wa 'yarsu yanda ake zama mace. Kuma macen da yake kwaikwayon ni ban taɓa ganinta ba. Innarmu da ta haife mu surfe take yi da daka tun asuba muryarta har bayan layi ake ji, matan Mile 12 da ke sauke kwandon tumatir suna ciniki da direbobin tirela ba wadda ke karya wuya, ni kaina da nake tuƙa motata a Oshodi ina musayar baki da 'yan danfo ban san wannan yangar ba. Wata mace ce ta cikin hoto da kowa ya haɗu ya ƙera, fara, mai sanyi, mara ci, mara magana, shi ya haddace ta ya fi mu iyawa, mu kuma muna biyansa ya ɗora wa 'ya'yanmu ita na kwana uku.

Abin da ya fi tsaya min ma shine ni sau nawa ake ce min Hajiya ke ai namiji ce, saboda ina kasuwanci ina riƙe gida tun rasuwar maigidana, kuma da yabo ake faɗa, ba wanda ya taɓa jifana a kan hakan. Shi da ya karkata ta ɓangarenmu shi ne abin tofa wa yawu. Duk mai hankali ta zauna ta auna a ina aka ajiye mu mata kenan.

Cikin yaransa akwai wani matashi, ba zai wuce ashirin da 'yan kai ba, shi ke kan tanda, hannunsa da sauri kamar me. Sauran in suna masa magana ke suke ce masa. Da muka zauna ina tsince zogale yana juya waina muka ɗan taɓa hira, ya ce min shi ba kamar Alhaji bane, Alhaji ya san shi namiji ne sana'a ce da sabo da yanayin jiki, shi kuwa tun yana ƙarami bai taɓa jin kansa namiji ba, dukan da ya sha a gida da makarantar allo bai canja komai ba sai tabo a bayansa, ƙarshe aka ce ya bar gidan kar ya ɓata wa ƙannensa mata aure, shine ya hau motar shanu ya taho Legas. Na rasa abin cewa. Nace Allah ya shirye mu baki ɗaya, ya ce amin Hajiya, kullum ina roƙo. Ni ba malama bace kuma ba likita ba, ban yarda mutum na iya canja halittar da Allah ya yi masa ba kuma ban ɓoye masa ba, amma na lura mu komai a buhu ɗaya muke zubawa, ɗan daudun gargajiya mai sana'ar abinci, da mai jin shi mace ce a jikin namiji, da mai saka kayan mata a TikTok don neman mabiya, da mai neman maza, duk suna ɗaya muke kiransu hukunci ɗaya muke yanke musu, alhali su a tsakaninsu ma ba su ɗauki kansu abu ɗaya ba. Alhajin kansa faɗa yake yi wa yaron, na ji da kunnena yana cewa in zaka fita titi ka saka kaftani da hula ka daidaita tafiyarka, ni ba zan je ɗauko gawa ba.

Kuma ba tsoron banza yake ba. Wannan ne ma dalilin sharaɗinsa na biyu da ya kamata ki sani, ba a ɗaukarsa ko yaransa hoto ko bidiyo, in mai kyamara ya juyo sai su juya baya, kuma ƙarfe tara na dare ta yi musu a gida ko an gama ko ba a gama ba, kulolinsa sai washegari ya aiko a ɗauka. Da farko na ɗauka yanga ce. Shi ya tuna min da samarin nan 57 da aka kama bisa zargin neman maza a wani otal a Egbeda a 2018 aka jera su gaban kyamara duniya ta gani, aka kai 47 kotu, a 2020 kotun tarayya a nan Legas ta kori ƙarar don masu gabatar da ita sun kasa ci gaba, amma kafin nan fuskokinsu sun gama yawo wasu sun rasa aiki wasu sun rasa gida. Dokar da Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 kan auren jinsi take magana, ɗaurin shekara 14, bata ce komai kan mai soya waina da ke karya murya ba, ƙudirin da aka kai majalisar wakilai a 2022 na hana maza saka kayan mata ma bai zama doka ba, amma ɗan iskan layi ba ya karanta doka, abin da ya sani shine wannan in na mare shi na ƙwace wayarsa ba mai tambayata. A watan Agustan 2024 an tsinci gawar wani sananne a TikTok mai shigar mata a bakin titi a Abuja, ku je ku karanta abin da mutane suka riƙa rubutawa a ƙarƙashin labarin, da yawa murna suke. A arewa kuma tun da aka fara shari'a a 2000 ga Hisbah, da yawansu suka watse, wasu suka tuba wasu suka ɓuya wasu suka gangaro kudu, shi ya sa kuke ganinsu a Agege da Idi-Araba da Obalende.

To ga abin da mu muka yi. Ranar walima da yamma suna loda tukwane a mota a bakin get, samarin unguwa har da wasu 'ya'yan danginmu da yanzun nan suka gama sharɓar miyarsa man kaza bai bushe a bakinsu ba suka taru suna ihu Bobrisky Bobrisky, sunan sanannen mai shigar matan nan, ɗaya na kwaikwayon tafiyar yaron nan mai tanda, wani ya ɗaga waya yana bidiyo, wani ya jefa ledar fiya wata ta fashe a bayan Alhaji. Bai juyo ba. Ya ci gaba da ƙirga murafan tukwanensa kamar ba da shi ake ba, wanda ya nuna min ya saba. Manyan maza na zaune kan kujeru ƙarƙashin kanofi suna sakace ba wanda ya ce kai. Ni na fita ba ko takalmi na karɓi wayar na sa ya goge a gabana, ɗan ƙanwata ne ma, nace in abincinsa haram ne je ka amayar, in kuma halal ne ka ba shi haƙuri. Ya ba shi a daƙile. Wanda ya fi ban dariya cikin abin, shi Bobriskyn da suke kira da aka ɗaure shi wata shida a Afrilun 2024 ba don shigar mata aka ɗaure shi ba, don liƙin naira ne EFCC ta kai shi kotu, kuma awa ɗaya kafin nan duk wanda ke wajen har da masu ihun sun yi wa amarya liƙi ana tattaka kuɗi a ƙasa.

Yaya da labari ya kai masa bai ce min komai ba, amma washegari da yaran suka zo ɗaukar kuloli na ga ya kira ɗaya ya ba shi wani abu a ambulan ya ce a kai wa maigidanku a ce ya yi haƙuri da yara. Ra'ayinsa dai yana nan bai canja ba, ya ce bikin ƙanwarta mace zai nema.

Wa zan ce ta je wajensa? Duk mai taron da ya wuce ƙarfin matan gida kuma tana son abincin arewa na gaske, musamman waina da dambu da kayan gara. Ki je da wuri don watannin bayan sallah da ƙarshen shekara a cike yake, ki tambaye shi ƙarara ko ya karɓi wani aikin rana ɗaya da naki, ki sa ya rubuta kuɗin roba da ƙanƙara tun farko, zoɓo ki ce a rage suga ko ki yi abinki a gida. Kwalliyar fuska in 'yarki baƙa ce ki zauna a ɗakin ko ki nemi wata daban. In maigidanki ko iyayenki ba zasu yarda ba kar ki ɗauko shi a ɓoye ki zo ki jefa shi cikin rigimar gidanku, ki nemi mace, akwai su. In kuma kin ɗauko shi to ki sa wani babba namiji da ake jin maganarsa ya tsaya a bakin get lokacin da zasu shigo da lokacin da zasu fita, ki ja kunnen mai kyamara, ki sallame su kafin tara.